Baba Kafinta da Gonar da Jirgin Yaƙi Ya Faɗa

Ƙarfe bakwai saura kwata yakan iso, tun mai gadi bai gama wartsakewa ba. Ba ya bin babbar ƙofa. Ta baya yake shiga, inda ake sauke kaya, ya gangara matakala goma sha ɗaya zuwa wani ɗaki da ke ƙarƙashin gidan tarihin da muke aiki. Taga ɗaya ce tal a ɗakin, can sama daf da rufi, kuma ba abin da ake hange ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa a titi. Zai rataye rigarsa a ƙusa, ya zura ta aiki wadda fenti ya gama yi wa ado, ya jona butar shayi, ya goge tabarau da gefen hula. Daga nan sai ya jawo kujera gaban tebur ya sunkuya. In ka sauko da azahar, a sunkuyen za ka same shi. Haka ya yi shekara talatin da huɗu, har zuwa watan jiya da ya yi ritaya.

Baba Kafinta muke ce masa, don asali gyaran ƙofofi da kantoci aka ɗauke shi yi. Amma rabonsa da kafa ƙusa a ƙofa an fi shekara talatin. Duk wanda ya taɓa shiga gidan namu ya ga akwatunan gilashin nan da ke jere a zaure: tsohuwar tashar jirgin ƙasa da fasinjojinta, kasuwar bakin kogi da kwale-kwalenta, masaƙa da 'yan ƙwadago suna fitowa daga aiki, kowane mutum a ciki bai wuce rabin ɗan yatsa ba. To, aikin hannunsa ne, daga na farko har na ƙarshe. Ni kuwa aikina zagayawa da baƙi ina yi musu bayani, shekarata goma sha biyu ke nan. Sau ba adadi na ji baƙo ya dafa gilashi ya ce, "Kai, mutanen ƙasar waje ba dama!" alhali mai aikin yana ƙarƙashin ƙafafunsa yana shan shayi da busasshen burodi. Da farko nakan yi murmushi in wuce, Allah ya yafe mini. Daga baya na koyi ba su amsa, wani lokacin har da ɗan zafi.

Mutum ne marar hayaniya, kuma gaskiya mun bar shi cikin kaɗaici fiye da yadda ya kamata. Matarsa ta rasu shekara tara da suka wuce. 'Ya'yansa biyu suna can wata uwa duniya da iyalansu, sai dai waya jefi-jefi. Akwai shekarar da aka tara ma'aikata gaba ɗaya aka ɗauki hoto, har da direba da masu shara, aka wanke, aka sa a firam, aka rataye a ofishin shugaba, sannan wani ya ce, "Af, ina Baba Kafinta?" Da na sauka ina ba shi haƙuri, dariya ya yi ya ce, "'Yata, ai gara haka. Da na ɓata muku hoton." Ni ma na yi dariyar, amma da na hau sama sai da na keɓe na share hawaye.

Shekara uku da suka wuce shugaban gidan ya kira shi ya ce za a buɗe sabon zaure na tarihin yaƙin nan da aka yi tun kafin a haifi yawancinmu. A tsakiyar zauren yake so a ajiye akwati mafi girma, na wani jirgin yaƙi mai ɗaukar mutum ɗaya, wanda aka harba ya yi saukar dole a bayan wani ƙauye. Abin da muke da shi game da jirgin bai wuce hoto guda ba, baƙi da fari, wanda sojoji suka ɗauka. Ga jirgi kwance a kan cikinsa, farfela ta tanƙware, fiffike ɗaya ya nutse a ƙasa, kewaye da shi fili fetal ko ciyawa babu. Shugaba ya ce, "Baba, wannan ne aikinka na ƙarshe. Ranar buɗe zaure ita ce ranar sallamarka." Ya karɓi hoton da hannu biyu ya sauka ƙasa da shi.

Da idona na ga yadda aka yi jirgin nan, don ɗakinsa ne mafakata in surutun baƙi ya ishe ni. Ƙa'idarsa ita ce, abin da ya kai taku arba'in da takwas a zahiri, taku ɗaya ne a teburinsa. Sati biyu ya yi yana zuwa garejin masu gyaran jikin mota, ya zauna kan tsohuwar taya, ba don komai ba sai ya ga yadda ƙarfe ke lotsewa in ya daki ƙasa, har masu garejin suka fara zargin ɗan leƙen asiri ne. Farfela shida ya lalata a kan wutar kyandir kafin ta bakwai ta tanƙware yadda yake so. Hudojin harsashi da allura ya yi su, sai ya gasa ta ta yi ja sannan ya soka. Baƙin man da ya tsiyayo daga inji kuwa, da burushin da ya rage wa gashi har saura sili uku ya ja shi. Wata rana na ce, "Baba, wa zai ga wannan? Ni da nake tsaye a kanka ma ban gani ba." Bai ko ɗago ba ya ce, "Ai ni na gani."

Jirgin ya ci wata talatin da huɗu. Ƙasar da ya kwanta a kai kuwa kwana biyu ta ci: garin katako aka kwaɓa da gam, aka shafe, aka bi da fenti ruwan ƙasa, shi ke nan. Ba wanda ya ga laifin haka, har shi kansa. Hoto ya nuna fili, an yi fili.

Saura sati shida a buɗe zauren, sai ga wata tsohuwa ta zo, 'yarta na riƙe da hannunta. A rediyo ta ji sanarwa, shi ne ta kafe sai an kawo ta. Na ce musu ai ba a buɗe ba tukuna. 'Yar ta ce, "Wallahi na faɗa mata, ta ƙi ji. Wai a gonarsu jirgin ya faɗi." Na dubi tsohuwar, na dubi ƙafafunta da suka kumbura saboda zaman mota. Dokar gidan ta hana kai baƙi ƙasa, amma ranar na yi biris da ita na kai su.

Baba Kafinta ya miƙe ya ba ta kujerarsa, ya yaye ƙyallen da ya rufe aikin, ya kunna fitila. Tsohuwar ta matso da fuskarta kusa, ta daɗe tana kallo.

"Shi ne," in ji ta. "Wallahi shi ne, har hancin nan nasa. Ta nan matuƙin ya fito yana ɗingishi. Ɗan saurayi ne fa, sai kuka yake. Mahaifiyarmu ce ta ba shi ruwa." Sai ta bi gefen jirgin da kallo. "To amma malam, ina gonar?"

"Wace gona, Yaya?"

"Gonarmu mana. Ai ba a fili ya faɗi ba. Masara ce a tsaye, ta fi babanmu tsawo, ta yi goyo, gemu ya fara bushewa. Sati biyu ya rage mu karya."

Ya ɗauko hoton ya miƙa mata. Ta kai shi kusa da ido, ta duba, ta mayar masa.

"Wannan ai bayan sun gama da ita ne. Washegari sojoji suka zo suka kewaye wurin da waya, suka ce kada wanda ya matso. Rabi motocinsu suka tattake, rabi suka sare wai don su riƙa hango nesa. Wata uku suna nan. Mu muna tsaye bayan waya muna kallo, ko goyo ɗaya ba mu ci ba. A shekarar yunwa ta ɗauke mana auta. Babanmu ya tafi birni neman aiki, har yau shiru." Ta gyara mayafinta, ta dafa tebur ta miƙe. "Amma jirgin ya yi kyau, malam. Allah ya yi albarka. An dai kula da jirgi."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, shi ya sa ma ta fi ciwo. Na raka su bakin titi na dawo, na tarar da shi tsaye inda muka bar shi, hoton na hannunsa. Ya ce, "'Yata, shekara uku ina ƙirga ƙusoshin jikin jirgi. Ko sau ɗaya ban tambayi gonar wa ya faɗa ba."

Washegari ya hau ofishin shugaba. Tun da nake gidan ban taɓa ganin ya hau can ba tare da an kira shi ba, don haka na bi bayansa da wata takarda da babu abin da zan yi da ita.

"Ranka ya daɗe, ƙasar nan zan kankare in sake," in ji Baba Kafinta.

"Baba, kwana arba'in ya rage. An riga an raba katin gayyata. Jirgi mutane za su zo gani, ba masara ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Amma yadda yake yanzu, ƙarya na yi."

"Hoto fa muka bi."

"Hoton bai faɗi duka ba."

Shugabanmu ba mugun mutum ba ne, tsoron jin kunya a gaban manya ne kawai ke damunsa. Ya cire tabarau ya murza ido ya ce, "To ka ji. In ranar ta zo ba ka gama ba, sawa zan yi a ɗora jirgin a kan falankin katako a rufe da gilashi. Kai kuma ka tafi gida da rabin aiki, bayan shekara talatin da huɗu. Ka yarda?" Ya ce ya yarda. Abin da bai faɗa wa shugaba ba shi ne, a cikin kwanakin nan likita ya sa masa ranar cire yanar da ta rufe masa idon dama. Kai tsaye daga ofishin ya kira asibiti ya ce a ɗaga.

Da ya auna filin ya lissafa, kara dubu ɗaya da ɗari biyu gonar ke bukata, wato talatin kowace rana ba fashi. Kowane kara siririyar waya ce da ba ta kai tsawon ashana ba. Ganye takwas yake liƙa mata, waɗanda ya yanka da reza daga 'yar siririyar takardar nan ta cikin kwalin takalmi, ya murɗa kowanne da hantsaki don ya sunkuya yadda ganyen masara ke yi. Goyon kuwa ƙwayar shinkafa ce aka tsoma a fenti aka naɗe da takarda, gemun kuma gashin tsohon burushi ne da ya jiƙa a ruwan shayi har ya rine. Minti ashirin kowane kara ke ci, in hannu bai yi gardama ba. Na ce zan taimaka, na zauna na yi sha huɗu ina ta jin kaina. Ya jera su, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki uku ya ce, "Waɗannan za su yi. A bayan fiffike zan dasa su, inda ba mai gani." Sauran sha ɗayan ya ce in kai gida, wai sun fi kama da albasa.

Sau huɗu ya kira 'yar tsohuwar a waya ya ce a ba shi Yaya. Ina ji yana ɗaga murya: "Kunyoyin gabas suka miƙa ko kudu? A ina jirgin ya fara taɓa ƙasa? Karan da ya bi ta kansu, karyewa suka yi ko kwanciya?" Daga can ɓangaren sai ka ji tsohuwar na dariya tana cewa wannan malam ya fi alƙali tambaya. Ina jin a shekarun nan ba wanda ya yi doguwar hira da shi kamar ita.

Ana saura kwana goma na sauka na same shi ya ɗaure idon dama da hankici. Sau uku yana kai ganye jikin waya yana kuskurewa. Kara ɗari takwas da 'yan kai ya yi, kuma shayin safe na nan a kofi bai taɓa ba har ya huce. Na ce, "Baba, ka bari haka. Ka yi rabin gona, wa zai sani?" Ya ce, "Ba na ganin wayar, 'yata, laluba nake." Sannan ya ƙara da cewa, "Sojoji sun taɓa yi wa gonarsu rabi-rabi. Ba zan maimaita ba." A sama ana ta fentin bango da gwajin lasifika, kowa na kai da komowa, amma a kwana arba'in ɗin nan, ban da ni da mai gadin da ke buɗe masa ƙofa ranar hutu, ba wanda ya taka matakalar nan ya ce masa sannu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ƙarfe goma na safiyar ranar buɗewa ya dasa kara na ƙarshe, ana jera kujeru a sama. Bai cika adadin ba, sittin suka gagara, sai ya ɗan buɗa tazarar layin baya ya ce Allah ya sa manoma su yafe masa. Mutum huɗu suka ɗauko akwatin a hankali suka hau da shi. Gam bai gama bushewa ba, don haka aka kifa gilashin kawai ba a ɗaure ba. Jirgin da muka saba gani kwance a fili yanzu yana cikin gona. Ga hanyar da ya share ta tsakiyar masara, kara sun kwanta dama da hagu, inda mai ya zuba ganye ya yi baƙi, sauran gonar kuwa tsaye cak, kore shar, kowane kara da goyonsa.

Aka yi jawabai, aka gode wa kowa da kowa, shi ma an ambace shi a layi ɗaya tsakanin masu fenti da masu lantarki. Yana can bayan ginshiƙi a tsaye da rigarsa ta fita, wadda ta yi masa yawa. Da manya suka wuce ɗakin liyafa zauren ya yi sauƙi, sai 'yar ta kawo tsohuwar gaban akwatin. Ta tsaya ta ƙura wa masarar ido. Can ta nuna gefen gonar da yatsa ta ce, "A nan nake tsaye." Ta ƙara matsowa kusa da gilashin. Sannan a hankali, kamar da kanta take magana, ta ce, "Kai, masarar nan ta yi kyau."

Baba Kafinta ya yafito ni ya ce in kama gefe ɗaya na gilashin. Muka ɗaga. Ya zaro hantsaki daga aljihu, ya sunkuya, ya lalubo kara ɗaya daga layin gaba, mai babban goyo, ya tsige shi. Ya kamo hannun tsohuwar ya ɗora mata a tafi.

"Yaya, ga naku. A yi haƙuri, girbin ya makara."

Ta dubi ɗan abin nan da bai kai tsinken ashana ba. Ta kwance bakin mayafinta ta ƙulle shi a ciki, ƙulli biyu. Ta ce, "Wannan na auta ne." 'Yar ta juya baya. Ni kuwa gilashi na hannuna, ba halin share fuska, haka na tsaya hawaye na zuba.

Da yamma shugaba ya zo zagaye ya hango ɗan rami a layin gaba, daidai inda ido ke fara sauka. Ya ce, "Baba, nan fa? A cike mana." Baba Kafinta ya duba agogonsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai na yi ritaya tun ƙarfe biyu." Ya sauka ya ɗauko butarsa da rigar aikinsa, ya fita ta ƙofar baya.

Baba, kai ne ka yi shekara uku kana aiki, magana ɗaya ta tsohuwar da ba ta san sunan ko kayan aikinka ɗaya ba ta nuna maka kuskure, ba ka ce ai ni gwani ne ba, ba ka ɓuya bayan hoto ba. Kai ne ka jingine lafiyar idonka don gonar mutanen da ba ka haɗa komai da su ba. Gwanin ƙananan abubuwa, mai haƙurin dashen kara dubu da ido ɗaya. Mun yi shekaru muna tafiya a kan rufin ɗakinka muna karɓar yabon aikinka, ba mu sauko mun zauna da kai ba. Ni kaina sai in na gaji nake zuwa. Ka yafe mana.

Makon jiya na je duba shi. An yi aikin idon, amma likita ya ce jinkirin da wahalar da ya ba shi sun yi ɓarna, ganin ba zai dawo kamar da ba, aikin hantsaki kam ya ƙare. Ɗaki ɗaya ne da 'yar baranda, yana zaune shi kaɗai a kujera, ido a naɗe da bandeji, rediyo na ta magana ba mai saurare. Na kawo masa labaran ofis, ya saurara don kara. Da na miƙe zan tafi ya ce, "'Yata, ramin nan, ba a cike shi ba ko?" Na ce, "Ba a cike ba, Baba." Ya gyaɗa kai ya ce to madalla.

Mun gode, Baba Kafinta. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya. Ku kuma masu karatu, kowa a cikinmu yana da jirgin da yake ta gogewa a wurin aikinsa, likita da malami da direba da mai rubuta takardu. Ku riƙa ɗagowa kuna tambayar gonar wa abin ya faɗa, in kuma an nuna muku kun yi kuskure, ku kankare ku sake ko da lokaci ya ƙure. In akwai wani dattijo a can ƙuryar ma'aikatarku da ba a jin motsinsa, ku je ku zauna da shi tun yana nan. Duk wanda ya zo gidanmu ya tambaye ni ramin da ke layin gaba, zan ba shi labarin tun daga farko. Muddin ina aiki a zauren nan, Baba, ba mai cike shi.